Abin da Ba a Gaya wa Deshun Ba

Talata, 17 ga Nuwamba 1998, da la'asar

Likita Ruan ya aiki mijina ya je a auna masa nauyi. Nauyin da aka riga aka auna da safe. Deshun ya miƙe yana dariya, ya ce, "Ko kun ga na yi ƙiba ne daga hantsi zuwa yanzu?" Ya fita, ya ja ƙofa a hankali. Sai likita ya juyo gare mu, ni da yayarsa Guilan, ya rage murya.

Ba gyambon ciki ba ne. Ba zan rubuta sunansa ba. Wanda ake buɗe mutum a yanke ne, daga baya a yi ta ɗura masa ruwan nan mai zubar da gashi. Likita ya ce in aka yi aikin kafin sabuwar shekara akwai fata. Na ce fata kamar yaya. Ya dubi agogonsa.

Yaya Guilan ko hawaye ba ta yi ba. Ta ce, "Likita, a wurinsa gyambo ne." Likita ya ce, "Gyambo ne mana." Suka gama magana a tsakaninsu kamar masu cinikin kabeji. Da Deshun ya dawo, likita ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya bar barkono da giya, kuma akwai ɗan ƙaramin aiki da za a yi masa don a share wurin.

A cikin bas, Deshun yana can gaba yana hira da direba, Yaya ta matse mini hannu har farcenta ya yi shaida. "Suyun, na san bakinki. Ki ɗinke shi. Babanmu da ƙafarsa yake yawo, wata 'yar nas ta yi suɓutar baki ta gaya masa, bai ga narkewar ƙanƙara ba. Tsoro ke kashe su, ba cutar ba."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin. Haka kowa yake yi. Haka aka yi wa uwata, har ta tafi tana cewa sanyi ne ya kama mata ƙirji.

Laraba, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Yaya ta zo da reza. Muka zauna a kicin tana kankare takardun jikin kwalaben magani, ni ina juye ƙwayoyin a kwalbar maganin ƙarin jini. Na zubar da guda biyu a ƙasa.

Juma'a, 20 ga Nuwamba, da rana, a laburare

Tun ina budurwa nake tsaron laburaren masana'antar nan. Yanzu rabinsa an ba wa wani haya ya sa teburin wasan sunuka, ina karanta jarida ina jin ƙwallaye na karo a bayan kantar littattafan tarihi.

Yau ma maganar ce a shafin farko. Tun zamanin iyayenmu masana'anta ce ke ɗaukar jinyar ma'aikacinta: ka je asibiti, ka kawo rasit, a biya ka. An daɗe ba a biya ba, kowane gida a unguwarmu yana da gwangwanin biskit cike da rasit. To yanzu gwamnati tana shawarar a cire abin daga hannun masana'antu, a yi asusu ɗaya na birni, masana'anta ta zuba wa kowane ma'aikacinta, shi ma a yanki kaɗan daga albashinsa. Wanda sunansa ke cikin ma'aikata ranar da aka fara, ya shiga. Wanda ya riga ya fita fa? Jarida ta ce ana nazari.

Na karanta tarihin dauloli da yawa a ɗakin nan. Duk inda magatakarda ya rubuta ana nazari, an riga an haƙa ramin, mai turawa kawai ake jira.

Aikin za mu iya, in na sayar da abin da zan sayar, Yaya ta kawo nata. Abin da ke bayan aikin, watannin maganin, ba mu da shi. Layinmu kaf ba shi da shi. Sai asusun nan. Sunan Meng Deshun, mai walda, yana cikin ma'aikata. Abin da nake riƙe da shi ke nan.

Lahadi, 22 ga Nuwamba, da magariba

Deshun ya shigo yana fito. Na san fiton nan, shi yake yi in ya ƙulla abin da ya san ba zan so ba.

"Malama Tong, ajiye jaridar nan. Yau ni zan yi miki karatu."

An kafa sanarwa a ƙofar masana'anta. Duk wanda ya yarda ya sayar da shekarun aikinsa, za a ba shi kuɗi a dunƙule, a goge sunansa, shi da masana'anta kowa ya kama gabansa. Ranar sa hannu Juma'a, 11 ga wata mai kamawa, a ɗakin cin abinci. Shi kuwa har ya gama lissafi: zai sayi babur mai ƙafa uku, ya riƙa ɗaukar fasinja a tashar jirgi kamar abokinsa Dogo Shan.

Na ce, "Inshorar lafiyar fa?"

"Wace inshora? Wadda ke cikin gwangwanin biskit? Ki soya mana ita mu ci."

"Za a yi sabon asusu."

"Za a yi. Tun ina da gashi baƙi ake za a yi. Ni da ban taɓa kwana asibiti ba? Gyambo ne, kunun gero ya ishe shi. Aikin nan ma da suke magana, neman kuɗi ne."

Ya ci cokali huɗu ko biyar ya ture kwanon, ya ce ya ci wani abu a hanya. Bai ci ba. Ya ƙara huda a bel ɗinsa da ƙusa, yana tsammani ban gani ba.

Litinin, 23 ga Nuwamba, da asuba

Ana nazari. Ana nazari. Ana nazari.

Laraba, 25 ga Nuwamba, da yamma

Na ɗauke hatiminsa, wanda yake sa hannu da shi, daga aljihun tebur, na naɗe a leda, na cusa a ƙasan randar kabeji mai tsami, ƙarƙashin dutsen. Mace mai shekara arba'in da wani abu, hannu tsamo-tsamo cikin ruwan gishiri mai ƙanƙara, tana ɓoye wa mijinta sunansa.

Ya birkice ɗakin yana nema. Na taya shi. Har ƙarƙashin gado na leƙa, ina cewa, "Kai kullum sai ka yar da abu."

Asabar, 28 ga Nuwamba, da rana

"Bar wahalar da kanki," in ji shi. "Darakta Kou na masana'anta ya ce ba sai da hatimi ba, dangwala yatsa ma ya wadatar."

Masana'antar da in za ka karɓi safar hannu sai ka kawo hatimi da shaida biyu, yau ta yarda da yatsa. Na gane. Kowane suna da ya rage, nauyi ne a kansu in asusun ya fara. So suke su share gida kafin baƙo ya iso.

Litinin, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Na je wurin Yaya a kasuwa, inda take sayar da safa tun da aka sallame ta daga aiki. Na gaya mata komai. Ta ci gaba da jera safa.

"Ki hana shi ta wata hanyar."

"Wace hanya, Yaya? Na ɓoye hatimi."

"Ki yi kuka. Ki fasa kwano. Ki ce za ki tattara ki tafi. Ke mace ce ko littafi? Mu da ba mu yi karatu ba mun san yadda ake juya namiji."

"In ya dangwala, babu magani. Kin gane? Babu."

"In kika gaya masa, babu shi. Kin gane ke ma?" Wata mata ta tsaya tana taya safa, Yaya ta juya da murmushi, "Ƙanwata, wannan ulu ne zalla, taɓa ki ji." Da matar ta wuce, murmushin ya tafi tare da ita. "Ni na goya shi a bayana. Ke a tsaye kika same shi. Ki rantse mini."

Ban rantse ba. Ban ƙi ba. Na sayi safa biyu masu kauri saboda ƙafarsa ba ta ɗumi kwanan nan, ta karɓi kuɗin kuwa.

Laraba, 2 ga Disamba, bayan cin abincin yamma

Na bi shawarar Yaya. Allah ya isa tsakanina da shawarar Yaya.

Na ce masa ba zan iya fita unguwa a ce ga matar ɗan babur ba. Na ce ubana malamin makaranta ne, na auri mai walda an yi mini dariya na haƙura, amma wannan kam ya fi ƙarfina. Na zaɓi kalmomin da kyau. Abin da karatu ya amfane ni da shi ke nan, na san inda ake soka.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ajiye tsinken cin abincinsa guda biyu a gefen kwano, ya daidaita su, ya ce, "Ashe haka abin yake a ranki duk shekarun nan." Ya ɗauki rigar sanyinsa ya sauka ƙasa. Ta taga na hango shi a rumfar kekuna, hannu ɗaya a kan cikinsa.

Da ya hawo sai ya ce, "Kwana kaɗan za ki ji kunyar. Ranar da na kawo miki nama ki daina."

Ƙara masa ƙarfi na yi.

Juma'a, 4 ga Disamba, da safe

Har yau ba a kunna mana ɗumin ɗaki ba. An ce masana'anta ba ta biya kuɗin kwal ba. Ya yi amai a banɗaki, ya buɗe famfo don kada in ji.

Lahadi, 6 ga Disamba, da la'asar

Darakta Kou ya zo gidanmu. Shi da kansa, hawa biyar, yana haki. Yaron da Deshun ya koya wa riƙe sandar walda, wanda ya sha cin taliya a teburin nan kafin ya hau sama ya yi tumbi. Ya zo da kwalba biyu na 'ya'yan itace cikin ruwan sukari, irin waɗanda ake kai wa marar lafiya.

"Maigida! An ce mini ciki ya ɗan matsa maka."

"Gyambo ne kawai, Darakta. Zauna, zauna."

"Haba, wane Darakta a gidan nan? Yaronka ne." Ya juyo gare ni. "Uwar ɗakina, kin rame. Karatu ya yi yawa."

Ya sha shayi. Ya yaba kabejina. Sannan ya ce ya yi wa maigidansa magana a sama, an yarda a ƙara masa wani abu a kan na kowa, saboda tsohon hannu ne, amma kada ya faɗa wa sauran. Sharaɗi ɗaya, ya kasance cikin na farko ranar Juma'a, don mutane su gani su bi.

Deshun har kunnensa ya yi ja don daɗi. "Kin ji ko, Malama? Kin ce mutane sun lalace."

Na ce, "Darakta, wanda ya fita, in ciwo ya same shi fa? Me asusun zai yi masa?"

"Ana nazari, uwar ɗakina." Ya hura shayinsa. "Amma maigida me zai yi da asusu? Gyambo ai ba wani abu ba ne. Ko ba haka likita ya ce ba?"

Ya ɗago ido ya dube ni. Bai ƙifta ba.

Takardar asibiti sai ta bi ta ɗakin shan maganin masana'anta an buga mata tambari. Na manta da wannan. Ya sani. Ya san abin da ke cikin mijina, ya san nawa zai ci wa masana'anta, kuma ya san ba zan iya buɗe baki a gabansa ba, domin babu matar kirki da za ta yi haka. Da shirunmu ya hawo benen nan. Shi ya taka.

Na ce, "Haka ya ce."

Na ƙara masa shayi. Ni, da hannuna.

Litinin, 7 ga Disamba, da asuba

Ban yi barci ba. Ina jin numfashinsa, ina jin tsoron kowanne.

Talata, 8 ga Disamba, da rana

Na koma wurin Likita Ruan, na roƙe shi ya gaya masa da kansa. Ya ce, "Wannan na iyali ne. In kun haɗa baki kun zo, sai in faɗa." Na ce iyalin ba su da baki ɗaya. Ya ce, "To kin gani." Akwai mutane a layi.

Jarida ta ce shawarar tana gaban manya, za a ji sanarwa ba da daɗewa ba. Na karanta shafin sau uku ina neman layi ɗaya da zan kai masa in ce duba, wanda ya fita ya fita ke nan. Babu. Masu rubutun nan gwanaye ne, sun iya cika shafi ba su taka komai ba.

Kuma in ya zauna bai fita ba, wa ya ce masana'anta za ta zuba masa? Wa ya ce asusun zai fara kafin... Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 10 ga Disamba, da magariba

Ya je ya ga babur ɗin. Ja ne. Ya ce zai yi masa rumfa da hannunsa, ya sa ɗan murhu a ciki saboda fasinja. Ya zana mini a bayan ambulan. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin a daina biyan albashi cikakke.

Yaya ta aiko maƙwabciyarta ta ce gobe za ta zo ta raka mu. Raka ni za ta yi. Gadi.

In na faɗa, na iya kashe shi kafin bazara. In na yi shiru, na kashe shi bayanta. Duk littattafan da ke kantar nan babu wanda ya zo da wannan tambayar a ranar Alhamis, da tukunya a kan wuta.

Juma'a, 11 ga Disamba, da la'asar

Bari in rubuta yadda ya faru tun hannuna na iya riƙe alƙalami.

Ɗakin cin abincin ya cika. An haɗa tebura uku, an shimfiɗa jan ƙyalle kamar ranar ba da lambar yabo. Kou a tsakiya, akawu biyu a gefensa, da ɗan kwanon jan tawada. Mutane sai raha suke ta ƙarfin hali. Wani ya ce, "Meng, in ka sayi babur ɗin ni kyauta za ka riƙa kai ni." Deshun ya ce, "Kai da nauyinka? Kuɗin mutum biyu."

Ya sa rigarsa ta zuwa biki. Ta yi masa yawa a wuya.

Yaya tana dama da ni, ta riƙe hannun rigata tun daga ƙofa. Aka kira shi na uku. Kou ya miƙe tsaye, ya ce, "Ku ba maigidana hanya." Har tafi aka yi.

Ya karanta takardar, ko ya yi kamar yana karantawa. Ya danna babban yatsansa a cikin tawadar. Ya ɗaga.

Na ce, "Deshun."

Yaya ta ce, "Suyun, don girman iyayenki."

"Deshun, ba gyambo ba ne. Ciwon daji ne. A cikinka. In ka dangwala babu mai biyan maganin."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ji ɗakin ya mutu. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Wayyo, wannan wace irin mace ce." Yaya ta sake ni kamar ta taɓa garwashi.

Ya tsaya da yatsa a sama. Bai dube ni ba. Yayarsa ya duba.

"Yaya?"

Ta buɗe baki ta ce, "Ƙarya take, ka san ta da..." Ta toshe bakinta da gyale.

Sannan ya juya ga Kou. Kou yana gyara takardu da ba su karkace ba.

"Kai ma ka sani?"

"Maigida, ni ba likita ba ne."

"Na ce ka sani?"

Kou ya ci gaba da gyara takardun.

"Hawa biyar," in ji Deshun. "Da kwalba biyu." Ya dubi yatsansa kamar na wani. Ya goge shi a kan jan ƙyallen, a hankali, gaba da baya. Ya juya ya bi ta tsakiyar mutane, suna matsawa suna sunkuyar da kai kamar an riga an ɗauko gawarsa.

A waje Yaya ta ce mini, "In ya mutu, ke ce." Ta tafi tashar bas ita kaɗai.

Mun taho gida yana gaba ina baya. A kan bene ya tsaya ya huta sau biyu, bai ɓoye ba.

Asabar, 12 ga Disamba, da rana

Yana kwance, fuska ga bango. Kunun ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa. Haka babansu ya yi, in ji Yaya. Haka ya fara.

Sunansa yana cikin ma'aikata. Na je na duba da idona. Jarida ba ta ce komai ba.

Ina jin tsoro. Ina jin tsoro. Ban yi nadama ba, kuma ina jin tsoro.

Lahadi, 13 ga Disamba, da hantsi

Ina wanke kwanuka na ji shi a bakin ƙofar kicin. Ya yi aski, ya yanke kansa a haɓa.

"Suyun."

Na rufe famfo.

"In na tambaye ki abu, za ki gaya mini gaskiya?"

"Zan gaya maka."

"Ko mene ne?"

"Ko mene ne."

Ya daɗe a tsaye yana kallon randar kabeji, yana kallon taga. Na riƙe bakin wurin wanke kwanuka da hannu biyu ina jira.

"To ba yau ba," ya ce.

Ya juya zai tafi, ya tsaya.

"Asibitin, gobe suna karɓar mutane?"

"Suna karɓa."

"Ki tashe ni da wuri."